Sulaiman Da Masu Duba Kunne

Ku da kuka saba karanta rubutun jikana a wannan shafi, ga tambaya, ku riƙe ta har mu kai ƙarshe. Ba don sanyi aka yi ta ba, ba don rana ba. Wanda ya sa a yi ta bai ga ranar da aka yi amfani da ita ba. Wadda aka yi dominta kuma ba ta san gadinta take yi ba. Mece ce? Kada ku yi gaggawa. Wanda ya saba cinye mini kacici-kacici tun ban rufe baki ba, yau ba ya nan.

Da hantsi ne, ina zaune a tsakar gidanmu a Yalwawa ina tsince wake, sai ɗana, mahaifin Sulaiman, ya shigo ba sallama. Mutumin da yake koyar da karatun allo tun gemu bai fito masa ba, wanda ko ɗakin ajiyar hatsi zai shiga sai ya yi sallama. Ya zo ya tsaya a kaina. Na ce, "Malam, wa?" Ban ce "me" ba, don irin wannan tsayuwa sunan mutum ake kawowa da ita. Ya ce, "Iya, sai haƙuri. Motar da Sulaiman ya shiga daga Kafin Hausa..." Bai ƙarasa ba. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Mata suka cika gidan, ana ta salati, ni kuwa faifan yana kan cinyata, sai da wata ta ɓamɓare yatsuna daga jikinsa.

Ni ce kakarsa ta wajen uba. Sunana Hauwa, amma Kulu aka san ni da shi tun ina yarinya. Karatuna na boko bai wuce ajin yaƙi da jahilci ba, inda aka koya mana rubutu da saƙa, kuma saƙar ta fi zama. Na rubuta wannan a takarda, matarsa Rukayya ce ta sa shi a nan. Sunan mijina marigayi aka raɗa wa yaron, saboda haka tun da aka haife shi bakina bai taɓa kiran sunan ba. Angona nake ce masa. Yau ga shi na rubuta Sulaiman da hannuna, na kuma gaya wa kaina rubutu ba kira ba ne, tunda babu mai amsawa.

Angona baƙi ne, irin baƙina. Duk gidan nan mu biyu ne haka, kuma mun sha tsokanar juna a kai. Idan ya shigo zan ce, "Wa ya kashe fitila?" Shi kuma ya ce, "Muryarki nake ji, Kaka, yi murmushi in gane inda kike." Mu yi dariya, ya zauna ya cinye mini ɗumame, ya ce tuwon kwana haƙƙin maigida ne. Malamin makarantar sakandare ne, amma abin da ya fi cin lokacinsa shi ne wannan shafi. Ya ce mini yana rubutu a kan halin da baƙar fata ke ciki a duniya. Yana da abokai na cikin waya, masu irin rubutun nan, wata a Amurka, wani a Sudan, wasu a ƙasashen da ban iya faɗin sunansu ba. Wannan ya rubuta, wancan ya amsa, Angona ya mayar da shi Hausa don mutanenmu su ji. Ya taɓa nuna mini bidiyon wani baƙin mutum da 'yan sanda suka danne a ƙasa, da jama'ar da suka cika titi suna neman a bi masa haƙƙi. Na ce ya ɗauke wayar daga gabana. Ranar ban iya cin abinci ba, shi ma haka.

Da farko dai faɗansa duk na nesa ne. Matar nan ta Amurka, wadda ya ce kakanninta a jirgin ruwa aka kwashe su daga ƙasashenmu, ta rubuta masa cewa ku kun huta, kuna zaune inda kowa baƙi ne, babu mai auna ɗanku da launi. Ya karanta mini yana jin daɗi, ya ce ya amsa mata da cewa gaskiya ne, mu Allah ya raba mu da wannan. Ni ma na gyaɗa kai, na ce a gaishe ta, a ce ta zo Dutse ta huta.

Ba a daɗe ba ƙanwarsa ta haihu. Ga waɗanda ba su sani ba: jariri yakan zo duniya da haske, ja-ja haka, sai a hankali launinsa na gaskiya yake fitowa. Amma gefen kunne ba ya ɓoyewa, tun ranar farko yana nuna inda fatar za ta tsaya. Don haka idan mata sun zo barka, kowace ta karɓi jariri, kafin ta gama cewa Allah ya raya, yatsanta ya riga ya tanƙwara kunnen ta leƙa. Haka muka taras ana yi, babu wadda ta koya mana. Ranar nan Angona ya kawo itacen wankan jego, yana saukewa a tsakar gida, sai ya ji ta bayan labule 'yata Talatu, gwaggonsa, ta ɗaga murya: "Kai, alhamdulillahi! Kunnen fari ne tas. An tsira!" Wata ta rangaɗa guɗa. Da na fito na same shi tsaye da icce a hannu. Ya ce, "Kaka, an tsira daga me?"

Na ce, "Daga kamanninka mana."

Bai yi dariya ba. Wannan ne karo na farko da na jefa masa tsokana ta faɗi ƙasa. Washegari ya zo ya zauna a bakin tabarmata, ya ce in gaya masa abin da aka faɗa ranar da aka haife shi. Na ba shi labarin yadda nake ba da shi kullum, da kwaikwayon murya da komai: yadda aka tanƙwara kunne, aka yi shiru, wata tsohuwa ta yi ajiyar zuciya ta ce, "To, namiji ne dai, da sauƙi. Kakarsa ya ɗebo." Na ce ni kuwa na ji daɗi, don an bar mini kayana babu mai ƙwace.

Ya ce, "Ke fa? Me aka ce a kanki?"

Na ce ranar haihuwata ina nan amma ban riƙe ba. Na ranar aurena na riƙe. An kawo ni gidan kakanka da rana tsaka, dangin miji suka shigo ganin amarya, aka yaye mayafi, sai babbar yayarsa ta ce, "A kawo fitila mu ga Kulu." Aka kuwa kawo, aka kunna, aka kara mini a fuska, ɗaki ya ɗauki shewa. Wannan labari na ba da shi a gidajen biki ba iyaka, kuma bai taɓa kasa sa mutane dariya ba. Angona ya dube ni ya ce, "Kaka, ke kin yi dariya a ranar?"

Na ce, "Tashi ka ba ni wuri, ɗan jarida. Miji ba ya tambayar matarsa labarin auren fari." Ya tashi. Bai sake tambaya ba, amma daga ranar rubutunsa ya juyo gida. Ya rubuta wa matar Amurka cewa ya janye amsarsa. Abin da ya gaya mata shi ya gaya mini, kuma har yau yana kunnena: "Can da bindiga ake yi, Kaka. Nan da dariya."

Ba mai hayaniya ba ne. Ban taɓa jin ya ɗaga wa babba murya ba, ko a kan wannan magana. Abin da yake yi ƙanana ne, sai dai ba ya gajiya. Da aka kawo hotunan bikinsa da Rukayya, mai hoto ya wanke su da na'ura har Angona ya koma kamar Balarabe. Na ɗauki hoton na yi ta zagaye gida ina cewa, "Jama'a, wa ya ga mijina? An musanya mini shi a wajen biki." Kowa ya ce hoton ya yi kyau. Shi kuwa ya tattara su ya mayar, ya ce wa mai hoton cikin ladabi, "Aikinka ya yi kyau, sai dai mutumin ciki ban san shi ba. A mayar mini da fuskar da na zo da ita." Mai hoton ya ce tunda yake sana'a ba a taɓa dawo masa da hoto don ya yi haske ba. Wanda aka mayar masa da baƙinsa ɗin yana nan a ɗakin Rukayya, haƙoransa kaɗai sun isa haska ɗakin. Kun ga, har yanzu bakina bai daina ba.

A makarantarsu ya lura 'yan mata suna zuwa da fuska fari, gaɓoɓin yatsu baƙi, saboda man bilicin. Bai kira kowa gaban aji ya kunyata ta ba. Ya nemi wata malamar asibiti ta zo ta yi musu bayani, shi ya fita waje ya ja ƙofa, ya ce maganar mata ce. Da na ce masa ai kwalliya ce, kowa da abin da yake so, sai ya ce, "Ban ga laifin yarinyar ba. Tun tana kwana ɗaya aka gaya mata ba ta tsira ba."

Ya sha zagi a wannan shafi, kun fi ni sani. Wasu suka ce ya kwaso rigimar ƙasashen waje zai sauke mana a Jigawa. Wasu suka ce haushin farare yake ji. Wannan ta fi yi masa ciwo, don uwar da ta haife shi fara ce. Amsarsa ɗaya ce kullum: "Ban ce fari laifi ba ne. Cewa na yi a daina yi wa wani murna a gaban wani." Mahaifinsa ya taɓa kiransa zaure ya ce, "Wannan abin da kake ta wahala a kai, ai addini ya riga ya hana fifita mutum don launi." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na sani, Baba, a wajenka na koya. Shi ya sa nake mamakin yadda maganar take tsayawa a zaure, ba ta shiga ɗakin mai jego." Na ga Malam ya daɗe zaune bayan yaron ya fita.

Da cikin Rukayya ya fito, sai ga Angona da zaren ulu ruwan ganye a leda. Ya san ni ce mai wankan jarirai a gidan nan. Ya ce in saƙa wa abin da za a haifa hula, amma ba irin wadda aka saba ba, mai dogon gefe yake so, wadda za ta sauko ta rufe kunnuwa, da igiya a ɗaure a haɓa. Ya ce in sa masa tun wankan fari, kada in bari kowa ya ɗaga har a yi suna.

Na ce, "Angona, a bazarar Dutse? Kuma hula za ta rufe fuska ne? Ai launi zai fito ko ka sa shi a buhu."

Ya ce, "Ya fito mana, ba ɓoye shi nake ba. So nake a yi masa barka kafin a ba shi maki. Mako ɗaya kawai, Kaka, ya zama mutum tukuna."

Na ce, "Ni fa zan leƙa. In na gani zan raɗa maka."

Ya ce, "Ke na yarda ki gani. Kin san nauyin abin."

Na karɓi zaren na ɗauko kwarashina. Aikin yini ne a wajena, amma na ja shi. Duk sanda ya zo dubawa sai in nuna masa ɗan abin da na ƙara, in ce idona ya yi rauni, sai da tsire yake gani. Ya san ƙarya nake, ni ma na san ya sani. Ya kawo tsiren, ya zauna, mu ci tare, ya karanta mini abin da abokansa na cikin waya suka rubuta. Zaman nake so. Na ɗauka muna da lokaci, haihuwa da saura, shi kuma yaro ne. Ranar da ya tafi Kafin Hausa ya leƙo da safe ya ce, "Amarya, ina hulata?" Na ce, "Kunne ɗaya ya rage. Ka dawo da tsiren Kafin Hausa ka gani." Ya yi dariya ya fita. Da kunne ɗaya ya bar ta. Bayan an share makoki na zauna na ƙarasa, kuma a ranar idon nawa da gaske ba ya gani sosai.

Da yana raye, Rukayya gidan iyayenta za ta tafi a Ringim, tunda haihuwar fari ce, kuma ban san yadda zan yi da alkawarin a gidan surukai ba. Takaba ce ta zaunar da ita a ɗakinta, har Allah ya sauke ta lafiya, mace. Na yi wa jaririya wanka, na shafe ta, na ɗaura mata abin da ubanta ya sa a yi.

Da safe mata suka cika ɗaki. Barka ce haɗe da ta'aziyya, kowa ya ga yarinyar sai ya share hawaye. Tana ta yawo daga hannu zuwa hannu, idona yana bin ta. Wasu na ga yatsansu ya taɓa ulu ya koma, don ɗaurin ya kama. Sai ta iso hannun Talatu. 'Yata ce, na san hannunta. Ta ce, "Allah sarki, marainiyar Allah," yatsanta kuma ya riga ya kama igiyar.

Na ce, "Talatu, saki."

Ta ce, "Iya, zafi fa ake. Za ki dafa yarinya."

Na ce, "Ga mafici nan, yi mata fifita."

Ta ce, "Kunnen kawai zan gani. Wa ta ɗebo, uwar ko uban?"

Na ce, "Ubanta ya ce kada a ɗaga."

Talatu ta ce, "Haba Iya. Har ke? Wannan fa maganar intanet ce. Ke da kika fi kowa iya duba kunne a unguwar nan?" Wata maƙwabciya ta sa baki, ta ce ai ba wani abu ba ne, al'ada ce, don a san dangi ne kawai. Talatu ta samu goyon baya, ta gyara zama ta ce, "To shi ke nan, ba zan ɗaga ba. Amma ke ai kin gani wajen wanka. Faɗa mana."

Na ce, "Na gani."

Duk suka matso.

Na ce, "Biyu ne."

Wasu suka fashe da dariya, Talatu ta ɓata rai. Na miƙa hannu na karɓi yarinyar, na ce, "Biyu ne, kuma suna ji. Wannan ce ranarta ta farko da jin muryar danginta, ubanta ba ya nan da zai yi mata magana. Duk abin da za ku zuba a ciki, ku zaɓa." Rukayya ta juya fuska bango tana kuka. Sai mahaifiyarta, wadda ta zo daga Ringim, ta matso ta sa bakinta kusa da ulun ta ce, "Sannu da zuwa, 'yar albarka. Mun daɗe muna jiranki." Daga nan kowa ya bi da addu'a. Talatu ta tashi ta ce ta bar tukunya a wuta.

Haka na yi gadi har ranar suna. Ko banɗaki zan zaga sai na bar wa Rukayya amana. Aka raɗa mata Hauwa, don ashe Angona ya riga ya gaya wa mahaifinsa, in mace ce sunan Kaka. Ni bai gaya mini ba, ɗan banza. Jidda muke ce mata. Da aka zo aski aka kwance igiyar a gaban kowa, kuma a lokacin babu wadda ta tanƙwara komai, ko don kunya ko don suna ganin ina kallonsu.

Ba zan yi muku ƙarya in ce gari ya canja ba. Man bilicin yana nan a kasuwa. Jiya aka yi haihuwa a bayan layinmu, na ji an yi guɗar kunne. Talatu ma har yanzu idan ta zo sai ta ce, "Iya da rigimar jikanta." Abin da ya samu shi ne mako ɗaya ga yarinya ɗaya, kuma shi da ya roƙa bai gani ba. Wannan shi ne abin da yake cina. Da ya ga fuskar gwaggonsa lokacin da na ce biyu ne, da sai an ɗauke shi daga ƙasa don dariya.

Saura amsar da ya nema na kore shi. Na yi ta ajiye ta, ina cewa sai ranar suna, idan na ɗora masa ɗansa a cinya, in faɗa masa shi kaɗai. Tunda a wannan shafi yake ajiye maganganunsa, bari in ajiye masa ita a nan. Angona, ban yi dariya ba. Fitilar tana da zafi, hayaƙinta ya shiga idona, kowa ya ɗauka shi ya sa ni hawaye, na bar su a haka. Dariyar daga baya na koye ta, kuma na iya ta sosai. A duk waɗanda suka ji labarin nan, kai kaɗai ka tambaya.

Ya Allah, ga bawanka Sulaiman ya zo gare ka da fuskar da ka ba shi, bai canja ta ba, bai raina ta kowa ba. Ka jiƙansa, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi, ka sa aljanna ce makomarsa tare da mai sunansa. Ka ba iyayensa haƙuri. Ka dafa wa Rukayya, ka musanya mata wannan rashi da alheri. Ka raya Jidda cikin imani, ka sa abin da zai riƙa shiga kunnenta ya zama mai daɗi. Abokansa na nesa da suka aiko ta'aziyya, har da baiwar Allah ta Amurka, mun ji, mun gode, Allah ya isar muku a kan abin da kuke fama da shi. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.

Amsar tambayar kuwa hula ce, ta ulu, ruwan ganye, mai rufe kunnuwa. Ta yi wa Jidda kaɗan yanzu, tana rataye a ƙusa a ƙarƙashin hoton ubanta.